Ɗan wani ba a jansa a ɓoye, ko da sunan wane addini ne

Wani abu da na ji game da maguzawan zamani na Ingila da Amurka ya tsaya mini a rai. Ashe manyansu, waɗanda suka daɗe a harkar, yawanci ba sa yarda su rantsar da yaron da bai cika shekara 18 ba. Yarinya 'yar shekara 14 za ta yi ta bibiyarsu, ta ce ta karanta littattafai, ta yi imani, a karɓe ta. Amsar da take samu ita ce ta dawo idan ta girma, ko kuma ta zo da mahaifiyarta. Yaran suna jin zafin wannan amsa, suna cewa an raina su. Akwai kuma manyan da ke ɗaure musu gindi, masu cewa addini ba ruwansa da shekaru, duk wanda ya zo nema a ba shi, iyaye su sani ko kada su sani.

Wannan magana ta ƙarshe ita ce ta ɓata mini rai.

Ni Musulmi ne. Ban yarda da abin da waɗannan mutane suke bauta wa ba, kuma ba zan so ɗana ya bi hanyarsu ba. Amma a kan wannan gaɓa guda, masu cewa a jira ko a zo da iyaye su ne da gaskiya. Babban mutum ba shi da hurumin ya ja ɗan wani cikin addini a bayan idon iyayensa, ko wane addini ne, har da nawa. Ina kuma da ƙari a kai: korar yaro daga bakin ƙofa kaɗai ba ta wanke babba, domin yaron da aka kora ba gida yake komawa ba, hannun wani yake faɗawa.

Su wane ne waɗannan mutane

Kada a haɗa su da Maguzawanmu na ƙasar Kano da Katsina, waɗanda suka gaji al'adarsu kaka da kakanni. Waɗannan Turawa ne, mafi yawansu an haife su a gidajen Kirista ko gidajen da ba ruwansu da addini, daga baya suka zaɓi komawa ga bautar da suke ganin ita ce ta kakanninsu kafin zuwan Kiristanci. Suna kiran kansu Pagan. Reshen da ya fi shahara a cikinsu shi ne Wika, wanda wani tsohon ma'aikacin mulkin mallaka mai suna Gerald Gardner ya fito da shi fili a 1954, shekara uku bayan Ingila ta soke tsohuwar dokar hana tsafi a 1951. Suna bauta wa abin bauta namiji da tamace, suna girmama ƙasa da wata da bishiyoyi, suna da bukukuwa takwas a shekara, suna kuma yin tsafi.

A ƙidayar jama'ar Ingila da Wales ta 2021, kimanin mutum 74,000 ne suka rubuta Pagan a matsayin addininsu, wasu kimanin 13,000 kuma suka rubuta Wika. A 2011 masu rubuta Pagan kimanin 57,000 ne. A Amurka wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta amince tun 1986 cewa Wika addini ne a idon doka, a 2007 kuma gwamnati ta yarda a zana tauraronsu mai kusurwa biyar a kan kaburburan sojojin da suka mutu suna bin addinin.

Ƙidaya ba ta ganin yaran da nake magana a kansu. Takardar gida ce, uba ko uwa ke cikewa, kuma ba za su rubuta abin da ba su sani ba.

Yara sun fara kwarara cikin harkar ne a ƙarshen shekarun 1990, lokacin da finafinai da shirye-shiryen talbijin suka mayar da matsafiya 'yar makaranta abar sha'awa, masu buga littattafai kuma suka gano akwai kasuwa. Yau TikTok ya karɓi aikin. Wasu masana zamantakewa biyu, Helen Berger da Douglas Ezzy, sun zauna da matasa 90 a Amurka da Ingila da Ostireliya, suka fitar da sakamakon a 2007. Abin da suka tarar shi ne mafi yawan yaran ba wani ne ya jawo su ba. Da kansu suka laluba, daga littafi da intanet, kuma su kaɗai suke yin abinsu a ɗaki.

A ɗakin, abin bai wuce kwalin takalmi a ƙarƙashin gado ba. A ciki akwai kyandir biyu, ɗan gishiri a murfin kwalba, tsakuwa masu sheƙi, turaren wuta, katin duba, da littafin rubutu da yarinyar take zuba addu'o'inta da mafarkanta. Idan gida ya yi shiru ta fito da su, ta kunna kyandir, ta roƙi cin jarrabawa, ko ta roƙi iyayenta su daina faɗa. Da ta ji motsi a matakala ta hure wutar ta tura kwalin. Wannan yarinyar ba hatsari ba ce ga kowa. Ita ce ke cikin hatsari, domin tana ɗauke da sirri, tana kuma neman babban da zai ce mata ya fahimce ta.

Abin da ya sa aka ce 18

A duba yadda ake shiga Wika irin ta asali. Ƙungiya ce ƙarama, bisa al'ada ba ta wuce mutum 13. Ba su da coci, ba su da masallaci, a falon gidan shugaba ake haɗuwa ko a daji, galibi da dare. Wanda za a shigar sai ya yi rantsuwa cewa ba zai faɗi abin da ya gani ba. A wasu rassan, musamman masu bin tsarin Gardner sau da ƙafa, tsirara ake yin ibadar.

Yanzu a sa yarinya 'yar shekara 15 a cikin wannan falo, mahaifiyarta tana can tana zaton ta je bitar karatu gidan ƙawa. Ko da kowa a falon mutumin kirki ne, an riga an koya wa yarinyar abu uku: ta yi wa uwarta ƙarya, ta bi babba zuwa inda ba a sani ba, ta kuma riƙe bakinta. Waɗannan ukun su ne kayan aikin duk mai lalata yara. Shi ba ya zuwa da baƙar fuska. Da tausasawa yake zuwa, ya ce mata ke ta daban ce, kina da baiwa, iyayenki ba za su gane ba, wannan tsakaninmu ne. Yarinyar da aka riga aka saba wa ɓoyo da sunan ibada ba ta da ma'aunin da za ta bambance wannan mutum da malamin gaskiya.

Kuma an gani. A watan Disamban 2012 kotun Truro da ke yankin Cornwall ta ɗaure wasu tsofaffi biyu, ɗaya shekara 18 ɗaya 14, saboda lalata yara da suka yi tun daga shekarun 1970, suna fakewa da rigunan tsafi da wuƙaƙe don tsorata yaran su yi shiru. A birnin New Orleans na Amurka an kama wani mawaƙi kuma shugaban ibada da ake ji da shi a cikinsu a 2014 da hotunan batsa na yara, aka yanke masa shekara 20 a 2017.

Adalci ya sa in faɗi cewa wannan cuta ba tasu ba ce su kaɗai. Hukumar da ta binciki cin zarafin yara a Ingila da Wales ta fitar da rahoto a watan Satumban 2021 bayan ta duba ƙungiyoyin addini 38, ta kuma sami gazawa a manyan addinai, har da masu ɗauke da sunan Musulunci. Ƙungiyar 'yan sikawut ta Amurka ta bayyana karayar arziki a 2020, mutum sama da 82,000 suka shigar da ƙorafin an ci zarafinsu suna yara. Duk inda aka tara yara aka ba babba iko a kansu ba tare da ido ba, sai an sami wanda ya ci amana. Shi ya sa a 2022 Ingila ta faɗaɗa dokarta, ta sa malaman addini da masu horar da wasanni a sahun waɗanda haramun ne su yi mu'amalar jima'i da 'yan shekara 16 da 17 da ke ƙarƙashinsu, duk da cewa shekarun amincewa a ƙasar 16 ne. Majalisa ta gane cewa “na yarda” daga bakin almajiri zuwa ga malaminsa ba cikakkiyar yarda ba ce.

Akwai kuma ɗaya gefen da bai kamata a manta ba. A shekarun 1980 da farkon 1990 tsoron matsafa ya rufe idon mutane a Amurka da Ingila. An yi bincike da shari'ar makarantar renon yara ta McMartin a Kalifoniya tun daga 1983 har 1990, ba a sami kowa da laifi ba. A jihar Arkansas an ɗaure samari uku a 1994 kan kisan yara, aka riƙa kafa hujja da baƙaƙen kayan ɗayansu da littattafan tsafin da yake karantawa, sai a 2011 aka sake su. Saboda haka ba cewa nake duk bamagujen zamani mugu ne ba. Ƙa'idar shekara 18 tana kare yaro daga mugun cikinsu, tana kuma kare na kirkin daga ƙazafi.

“Ai yaro ma yana da 'yancinsa”

Wannan ita ce hujjar farko da ake kawowa, kuma tana da ƙarfi. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, a sashe na 14, ta ce a mutunta 'yancin yaro na tunani da addini. A Jamus akwai doka tun 1921 da ta ce yaro ɗan shekara 14 shi ke zaɓar wa kansa addini. A garin Lincoln Park na jihar Michigan, wata ɗaliba 'yar shekara 17 ta kai makarantarta kotu a 1999 saboda an hana ta sa sarƙa mai tauraron Wika alhali ana barin masu sa gicciye, makarantar kuma ta janye.

Duk na ji. Amma wannan sashe na 14 ɗin bai tsaya nan ba. Layin da ke biye ya ce a mutunta haƙƙin iyaye da nauyin da ke kansu na yi wa yaron jagora gwargwadon yadda hankalinsa ke girma. Iyaye aka ambata. Ba a ambaci baƙon da yaron ya haɗu da shi a shagon turare ko a waya ba.

Abin da ke zuciyar yaro nasa ne, ba wanda zai iya shiga ya cire. Sarƙar wuyansa ma ana iya cewa tasa ce. Amma 'yancin yaro na ya yi imani bai haifar wa wani babba 'yancin ya karɓe shi a asirce ba. Masu haɗa waɗannan biyun, da gangan ko da rashin lura, suna amfani da haƙƙin yaro ne su buɗe wa kansu ƙofa.

Haƙƙin iyayen kuwa bai san addini ba. A jihar Indiyana wani alƙali, yana raba auren wasu ma'aurata mabiya Wika a 2004, ya sa sharaɗin kada su nuna wa ɗansu addininsu. Su biyun suka ƙi yarda, kotun ɗaukaka ƙara ta soke sharaɗin a 2005. Ta yi daidai. Idan na ce bamaguje ba shi da ikon jan ɗan Kirista a ɓoye, dole in yarda cewa alƙali ma ba shi da ikon ƙwace tarbiyyar ɗan bamaguje ba tare da an nuna cutarwa ba.

“To idan iyayen ba za su taɓa yarda ba fa?”

Nan ne maganar ta fi nauyi, kuma ba zan yi kamar mai sauƙi ba ce.

Akwai gidajen da idan aka ga kwalin nan, yarinyar za ta sha duka. Akwai inda za a ƙone littafinta a gabanta, a ƙwace wayarta, a kai ta a yi mata addu'ar fitar da aljanu da ƙarfin tsiya. Akwai ma inda za a nuna mata hanya. Mai goyon bayan ɓoyo zai ce: ka ga, wannan yarinyar idan ka ce sai ta kawo takardar izini daga gida, ka yanke mata hukuncin kaɗaici ke nan, kuma waɗanda suka fi bukatar taimako su ka fara zubarwa.

Amsata kashi biyu ce.

Idan duka ne ko kora, to batun ya tashi daga na addini ya koma na tsaron lafiyar yaro, kuma shugaban ƙungiyar tsafi ba shi ne mai wannan aiki ba. A Ingila akwai layin Childline tun 1986, yaro yana kira kyauta ba tare da ya faɗi sunansa ba. Kowace makaranta tana da malamin da aka ɗora wa kula da lafiyar yara, ƙananan hukumomi suna da jami'an walwala. Babban da ya ji yarinya ta ce ana dukanta, aikinsa shi ne ya haɗa ta da waɗannan, ya kuma gaya mata tun farko cewa wannan ba sirrin da zai riƙe ba ne. Wanda ya ji haka ya ce mata zo wurina, ni ne mafakarki, ya ƙara yanke ta daga mutanen da doka ta sa su cece ta, ya kuma mayar da kansa igiya ɗaya tilo da take riƙe da ita. Ko da zuciyarsa fara ce, ya sa ta a matsayin da bai kamata a sa yaro ba.

Idan kuwa ba duka ba ne, ƙin yarda ne kawai irin na iyaye, to a auna abin da jira ke ci. Yarinya 'yar 15 shekara uku za ta jira. A cikin ukun nan ba a hana ta tunani ba, ba a hana ta ɗakin karatu na gari ba, ba a hana ta kallon wata ba. Su kansu manyan Wika suna da al'adar sa mai nema ya yi shekara ɗaya da kwana ɗaya yana koyo kafin a rantsar da shi, kuma suna cewa addininsu ba ya neman mabiya. Wanda ya yi imani da haka bai kamata ya yi gaggawa a kan ɗan wani ba. Idan abin na gaske ne a zuciyarta zai kai ta 18. Idan kuma guguwar ƙuruciya ce, ta wuce ba ta ɗauki rantsuwar da za ta dame ta ba, ba ta kuma fasa amanar da ke tsakaninta da uwarta ba. Wannan amanar, idan ta fashe a shekara 15, wani lokaci har tsufa ba ta gyaruwa.

Kuma ana yawan yanke wa iyaye hukunci tun ba a tambaye su ba. Yaro yana cewa babana zai kashe ni, alhali abin da uban zai yi bai wuce faɗan kwana biyu da tambayoyi ba. Baƙon da bai taɓa ganin uban ba, bai san gidan ba, daga bakin yaro kaɗai ya ji labari, da wane ilimi zai yanke cewa wannan uba bai cancanci ya san inda ɗansa yake ba?

Inda masu rufe ƙofa suka gaza

Duk da haka ban sallami masu cewa “dawo idan kin girma” ba. Da yawansu ba don yaron suke faɗa ba, don tsoron kotu ne da tsoron jarida. Suna rufe ƙofa su koma ciki da kwanciyar hankali. A Ingila ma tarukansu na fili, inda sabon zuwa zai je ya gaisa da mutane, galibi a mashaya ake yi, wurin da ɗan shekara 14 ba zai je shi kaɗai ba. To ina zai nufa? Waya. Dokar Amurka ta 1998 ce ta sa kafafen sada zumunta suka sa shekara 13 a matsayin iyaka, kuma kowa ya san yaro shekarar haihuwa kawai yake sauyawa ya wuce. Ostireliya ta yi dokar ɗaga iyakar zuwa 16 a ƙarshen 2024. Ko ma dai yaya dokar ta kaya, yaron da mutanen kirki suka ƙi amsa wa tambaya zai sami mai amsa masa, kuma wanda ya fi saurin amsawa shi ne wanda bai damu da shekarunsa ba.

A wancan garin na Lincoln Park, shekara biyu bayan shari'ar sarƙa, wata yarinya 'yar shekara 12 ta rataye kanta a watan Fabrairun 2001. Tana sa baƙaƙen kaya, tana karanta littattafan Wika, 'yan ajinsu kuma sun daɗe suna tsangwamarta a kan haka, har da rera mata waƙoƙin coci don tsokana. Abin da ta rubuta a littafinta ne ya nuna irin abin da ta sha. Duk lokacin da na tuna wannan yarinya nakan ji cewa jayayyar manya a kan wa ke da gaskiya a addini ta zo a makare. Abin da ta rasa shi ne babban da zai lura da wuri.

Saboda haka tsakanin rantsarwa a ɓoye da kora akwai fili mai faɗi, kuma a nan ya kamata babba mai hankali ya tsaya. Ya amsa tambaya a bainar jama'a, da rana, inda kowa zai iya ji. Kada ya keɓe da yaro, a ɗaki ne ko a saƙon waya. Duk inda za a zauna a sami babba na biyu wanda ba matarsa ba, ba kuma yaronsa ba. Ya yarda hukuma ta binciki tarihinsa kamar yadda ake yi wa duk mai aiki da yara a Ingila. Kada ya karɓi kuɗin yaro, kada ya sa shi rantsuwa, kada ya ba shi wani ganye ya ce ya sha. Abu na farko da zai koya masa shi ne yadda ake gane macuci: duk wanda ya ce maka kada ka gaya wa kowa, to shi za ka fara faɗa wa kowa. Sannan ya ce wa yaron, ina son in gaisa da mahaifiyarka, ga lambata, ta kira ni ta tambaye ni duk abin da take so.

Wasunsu sun kama wannan hanya. A jihar Washington wata cocin Wika ta kafa ƙungiyar yara irin ta sikawut mai suna SpiralScouts a 1999, inda iyaye ke kawo 'ya'yansu da kansu, ana kuma haɗa namiji da mace su jagoranci kowane rukuni. Ban yarda da abin da ake koyarwa a can ba, amma uwar da ta kai ɗanta ta san inda yake, ta san wa ke tare da shi, ta san lokacin tashi.

Ga iyaye kuma kalma ɗaya. Ranar da kika ga kwalin nan, Hajiya, ko ke da ke Landan ko ke da ke Houston, kada ashana ta zama abin da za ki fara nema. Ki zauna ki tambaye ta me take roƙo idan ta kunna kyandir ɗin. Sau da yawa amsar ba ta da alaƙa da gumaka: tsoro ne, ko kaɗaici, ko wani abu da aka yi mata da ta kasa faɗa. Ki gaya mata gaskiyar addininki ba tare da rage komai ba, wannan haƙƙinki ne kuma nauyinki ne. Amma idan kika ƙone kwalin kika yi shiru, kin koya mata ne ta ƙara iya ɓoyo.

Mu fa?

Na san wani ɗan'uwa zai ce, Malam, me ya kai ka tsara wa masu shirka yadda za su riƙe yara? Ai gara a ce kada su kusance su kwata-kwata, magana ta ƙare.

Abin da ya kai ni shi ne yaran nan 'ya'yan mutane ne, kuma cutar da za a yi musu cuta ce ko da iyayensu ba sa salla. Na biyu, 'ya'yan Hausawa suna makarantu ɗaya da su a Manchester da Maryland, waya iri ɗaya ce a hannunsu. Ƙa'idar da ta hana baƙo jan 'yar Bature a ɓoye ita ce za ta hana shi jan tawa. Mu kan ce ɗa na kowa ne, kuma gaskiya ne, amma ma'anarsa kowa ya tsawata masa ya kuma kare shi. Ko maƙwabcin da ya fi kowa kirki, idan zai tafi da yaro kasuwa, sai ya leƙa ya ce a gaya wa uwarsa.

Na uku shi ne mai wuya, domin ƙa'idar tana hawa kanmu. A Arewa mun sha ganin rigimar da ke tashi idan aka ce yarinya ƙarama ta sauya addini ba da sanin iyayenta ba, ta wannan ɓangare ko ta wancan, har abin ya kai ga kotu da zaman ɗar-ɗar a gari. Ba zan ce wa bamagujen Ingila ya nemi izinin iyaye ba, sannan in yi shiru idan namu ne ya tsallake su.

Kuma muna da abin koyi. Ya zo a Sahihul Bukhari cewa wani yaro Bayahude yana yi wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hidima, sai ya kwanta rashin lafiya. Annabi ya je duba shi har gida, ya zauna wajen kansa, ya ce masa ya musulunta. Yaron ya ɗaga ido ya dubi mahaifinsa da ke wurin. Uban ya ce masa ya yi wa Abul Ƙasim biyayya, sai yaron ya musulunta. A gidan uban aka yi, a gaban idonsa, yana ji yana gani, yaron kuma ya sami damar duban fuskarsa kafin ya amsa.

Idan ɗan Kirista mai shekara 15 ya shigo masallaci a Birmingham ya ce yana son sanin Musulunci, ba na son liman ya kore shi, ba na kuma son ya ce masa ya ɓoye wa gida. Ya zaunar da shi a cikin jama'a, ya amsa masa duk abin da ya tambaya, ya ba shi abin karantawa. Idan yaron ya ce yana tsoron abin da zai tarar a gida, liman ya tambaye shi ko tsoron faɗa ne ko tsoron duka, domin kowanne da inda ake kai shi. Idan na faɗa ne, ya nemi lambar uban ya kira shi da kansa, ya gabatar da kansa da sunansa da sunan masallacin, ya gayyace shi ya zo ya ga wurin da ɗansa yake zuwa.